Idi-Araba: Ɓarɓashin gilashin da ke bin allura zuwa jijiyar jariri

Idi-Araba a harshen Yarabanci na nufin gindin rimi. A gindin wannan rimi da ke ƙaramar hukumar Mushin ta jihar Legas, maƙwabta biyu sun daɗe suna kallon juna: unguwar Hausawa mai masallatai da kasuwanni da Sarkin Hausawanta, da kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, wato LUTH, wanda Gwamnatin Tarayya ta buɗe a 1962. Sashen jarirai na wannan asibiti yana karɓar waɗanda aka haifa a cikinsa, yana kuma karɓar waɗanda ƙananan asibitoci suka turo bayan abin ya fi ƙarfinsu. Idan mai jego ta ce an sa ɗanta a kwalba, kowane Bahaushe ya san tana nufin akwatin ɗumin nan da ake kwantar da bakwaini a ciki.

Akwai kuma wata kwalbar, wadda ba a cika yin zancenta ba. Ita ce 'yar siririyar nan mai dogon wuya da ake liƙe maganin allura a cikinta, wadda ba ta da murfi, sai an karya wuyanta kafin a kai ga ruwan. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin allura ya ji ƙarar karya ta. A daidai wannan ƙara, gilashin da ya tsage yakan zubar da ɓarɓashi, wani ya faɗi waje, wani ya faɗa cikin maganin. Idan aka zuƙa da allura ta yau da kullum, ƙananan cikinsu za su iya bin ruwan zuwa sirinji, daga can zuwa jikin majinyaci.

Wani Bafaranshe masanin haɗa magunguna, Stanislas Limousin, shi ne ya ƙirƙiro irin wannan kwalba a 1886, kuma ba ƙaramin alheri ya yi wa duniya ba. Gilashi ba ya barin iska ko ƙwayar cuta ta shiga, ba ya kuma yi wa yawancin magunguna katsalandan, ga araha. Shi ya sa har gobe masana'antu ba su rabu da shi ba. Aibinsa ɗaya ne, kuma a lokacin buɗewa yake bayyana.

Abin da ido ba ya gani

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan wuri ido bai san kima ba. Ana auna irin wannan ɓarɓashi da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin silin gashin mutum yakan kai kimanin maikiron 70. Mai lafiyar ido da ke duba kwalba a gaban haske mai kyau, da ƙyar yake hango abin da ya gaza maikiron 50. Jar ƙwayar jini kuwa faɗinta maikiron 7 ne zuwa 8, kuma ƙananan hanyoyin jinin huhu kusan daidai faɗinta suke, har sai ta ɗan lanƙwashe take wucewa ta wasunsu. Ke nan tsinin gilashi mai maikiron 20 ya fi ƙarfin hanyar da zai bi, alhali ma'aikaciyar jinya mafi kula a duniya za ta ɗaga sirinji sama ta ga ruwa garai-garai.

Ba yau likitoci suka fara lura da haka ba. A farkon shekarun 1960, wasu masu bincike biyu a Ostareliya, Garvan da Gunner, sun nuna cewa datti da ke cikin ruwan da ake ƙara wa majinyata yana maƙalewa a huhun zomaye, jiki ya kewaye shi da ƙulli. A 1972 kuma Turco da Davis a Amurka suka ja hankali kan gilashin da ke zuba lokacin karya kwalbar allura. Binciken da ya biyo baya ya yi ta maimaita abubuwa biyu: babbar kwalba ta fi zubar da ɓarɓashi fiye da ƙarama, kuma allura mai faɗin baki ta fi ɗibarsa fiye da siririya.

Dokokin ingancin magani na Amurka, waɗanda masana'antu da dama a duniya ke bi, sun ƙayyade yawan ƙurar da aka yarda a samu a ƙaramar kwalbar allura: kada ta wuce guda 6,000 masu girman maikiron 10 zuwa sama, kada kuma masu maikiron 25 zuwa sama su wuce 600. Sai dai wannan awo na maganin da ya fito daga masana'anta ne. Abin da ya zuba a ciki bayan an karya wuyan kwalbar a gefen gadon majinyaci, babu hukumar da ke tsaye tana ƙirga shi. Lambar NAFDAC da ke jikin kwali shaida ce kan abin da aka liƙe, ba ta da iko da hannun da ya buɗe.

Dalilin da ya sa jariri ya fi kowa shiga haɗari

Baligi yana da jini kimanin lita 5 a jikinsa. Jariri yana da mililita 80 zuwa 90 a kowane kilo na nauyinsa, don haka bakwaini mai kilo ɗaya da rabi, duk jinin jikinsa bai cika sulusin ledar ruwan sha ba. Jijiyoyinsa sirara ne, ana shan wahala kafin a samu guda a sa kanula, kuma idan ta kumbura ta toshe sai a sake neman wata, a hannu ko a ƙafa ko a fatar kai. Kumburin jijiya na daga cikin illolin da aka fi dangantawa da dattin da ke cikin ruwan allura. Ga babba wannan ɗan ciwo ne na kwana biyu. Ga bakwaini, kowace kanula da ta lalace tana nufin sabon huji, sabuwar ƙofa ga ƙwayar cuta, da jinkirin maganin da ya kamata ya shiga a kan lokaci.

Akwai kuma wani sirri na halitta. Duk abin da aka zuba a jijiyar babban mutum, zuciya huhu take fara kai shi, huhun ya tare manyan ɓarɓashi kamar rariya. Shi kuwa ɗan tayi ba da huhu yake numfashi ba, saboda haka Allah ya yi masa gajerun hanyoyi biyu da jini ke kauce wa huhu: wata 'yar kafa a tsakanin ɗakunan zuciya na sama, da wata jijiya da ta haɗa manyan hanyoyin jini biyu. Bayan haihuwa sukan rufe, amma ba nan take ba, kuma a jikin bakwaini sukan yi jinkiri. Idan jariri na fama da ciwon huhu, jini zai iya ci gaba da bin waɗannan hanyoyi, ya ɗauki abin da ke cikinsa ya nufi ƙwaƙwalwa ko ƙoda ko hanji ba tare da ya bi ta rariyar ba.

Sannan a dubi yawan allurar. Jaririn da ya zo lafiya allura ɗaya ta bitamin K ake yi masa a cinya, miligiram 1, don kare shi daga zubar jini, sai kuma rigakafi. Wanda aka kwantar kuwa, rayuwarsa a kan allura take: jentamaisin don kashe ƙwayoyin cuta, aminofilin don kada ya manta da numfashi, finobabiton idan yana jijjiga, kalsiyam idan na jininsa ya yi ƙasa, adirenalin idan zuciya ta nemi tsayawa. Mafi yawan waɗannan a kwalbar da ake karyawa suke zuwa. Bakwainin da ya yi mako uku a kwance, kwalaben da aka karya dominsa sun wuce a ƙirga da yatsu.

A 1992 likitocin yara a Birmingham ta Ingila, ƙarƙashin Puntis, sun fitar da wani bincike da har yanzu ake ambato. Sun duba gawawwakin jarirai 41 da aka ciyar ta jijiya kafin rasuwarsu, suka tarar da ƙulli a hanyoyin jinin huhun biyu daga ciki, alhali babu ko ɗaya cikin jarirai 32 da aka gwada da su, waɗanda suka rasu farat ɗaya ba tare da an yi musu irin wannan jinya ba. Sun kuma ƙiyasta cewa abincin jijiya na yini guda ga jariri mai kilo 3 na ɗauke da ƙura kimanin 37,000. Adalci shi ne a faɗi cewa mafi yawan wannan ƙura daga ruwan mai ta fito, ba daga gilashi ba. Abin da binciken ya tabbatar shi ne huhun jariri yana riƙe abin da aka zuba masa.

A birnin Hanoba na Jamus an yi gwaji kan yara 807 a sashen kulawa ta musamman, aka wallafa sakamakon a 2012. Rabinsu an sa matata a kan robar ƙarin ruwansu, rabi ba a sa ba. Manyan matsaloli sun samu kusan kashi 41 cikin ɗari na waɗanda ba a sa wa ba, da kusan kashi 31 na waɗanda aka sa wa. Amma da cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje huɗu da aka yi kan sabbin haihuwa zalla a 2015, sai ta ce hujjar ba ta kai a ce matatar robar ƙarin ruwa na rage mutuwa ko rashin lafiyarsu ba. Duk mai son gaskiya dole ya riƙe sakamakon biyu tare. Ba wanda zai iya nuna kabarin jariri ya rantse cewa gilashi ne ajalinsa. Haka kuma ba likitan da zai yarda a zuba wa ɗansa gilashi a jijiya don kawai ba a gama ƙirga illarsa ba.

Wannan ne ya sa batun ba ya samun mai tsaya masa. Lokacin da maganin haƙorin yara na My Pikin ya kashe yara 84 daga ƙarshen 2008, ƙasa ta girgiza, aka kama mutane, aka kai kotu, domin gawa ta nuna mai laifi. Ɓarɓashin gilashi ba ya barin irin wannan sawu. Idan ya yi ɓarna, tana ɓuya ne a cikin ciwon da ya riga ya kawo jaririn asibiti.

Yadda ake karya kwalba

Ƙa'idar ba ta da wuya, kuma rabinta ba ya cin ko sisi. Bayan wanke hannu, a ɗan ƙwanƙwasa kan kwalbar da yatsa don ruwan da ya maƙale a sama ya sauko. A goge wuyan da sifirit, a bari ya bushe, domin ɓarɓashin da zai faɗa ciki daga bayan kwalbar yake, kuma yana tafe da duk ƙazantar da hannuwa da kwali suka shafa masa. A naɗe wuyan da bandeji mai tsabta, wanda ya fi auduga domin ita takan bar zare. Kwalaben zamani da yawa na da ɗigon fenti a wuya, alamar inda masana'anta ta riga ta tsaga. A juyo ɗigon ya fuskanci mai buɗewa, a karya zuwa waje da motsi ɗaya. Kwalbar da ta ruguje a hannu, ko aka ga gilashi na yawo a cikinta, ta zama ta kwandon shara komai tsadarta. Littafin ƙa'idojin allura da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 ya ce a fifita kwalbar da ke ɓallewa da kanta a kan wadda sai an goga mata zarto, a kuma kare yatsu da bandeji.

Abin da bai kamata a gani ba, amma ake gani a wurare da dama, shi ne fille kan kwalba da bayan almakashi, ko buga ta a bakin tebur, ko gwara biyu. Yin haka na ninka tsagewar, ga yankan yatsa da ke zubar da jinin ma'aikaci a kan maganin majinyaci.

Ɗaya rabin ƙa'idar shi ne mai cin kuɗi. Akwai allura ta musamman mai matata a gindinta, wadda ke tare duk abin da ya wuce maikiron 5. Da ita ake zuƙo magani daga kwalbar da aka karya, sannan a cire ta a jefar, a sa sabuwar allura kafin a yi wa majinyaci. Nan ne kuskure mafi muni yake: wanda ya zuƙa da ita ya kuma tura da ita, ya kwashe duk abin da matatar ta tare ya mayar wa jariri a dunƙule. Ƙungiyoyin masu haɗa magunguna na asibiti da na ma'aikatan jinya a Amurka sun daɗe da mayar da wannan allura ƙa'idar aiki. Inda babu ita, zuƙa da siririyar allura na rage manyan ɓarɓashi, amma ragewa ce kawai.

Kwalbar manya, jikin jarirai

Akwai matsalar da ta fi ta gilashin kusanci da teburin masu sayen kaya. Jentamaisin da ya fi yawa a kasuwannin Najeriya shi ne mai miligiram 80 a mililita 2, wanda aka yi don manya. Bisa jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya, jariri mai ƙarancin nauyi a makonsa na farko miligiram 3 yake buƙata a kowane kilo, sau ɗaya a rana. Mai kilo ɗaya da rabi ke nan miligiram 4.5 zai samu, ɗigon da ya ɗan haura kashi ɗaya cikin goma na mililita. Kwalba ɗaya ta ƙunshi irin wannan awo har 17.

Mai karatu ya sa kansa a matsayin uban da ya sayo wannan kwalba da kuɗin da ya samu a ranar, ko ma'aikaciyar jinyar da ta san halin da yake ciki. Zubar da ragowar na kama da almubazzaranci. Sai a liƙe bakin kwalbar da filasta a ajiye don gobe, ko a zuƙe a sirinji a rubuta suna. Tausayi ne ya kawo haka, amma kwalbar da aka karya ba ta sake rufuwa, ƙura da ƙwayar cuta na da hanya, kuma awon ɗigo daga magani mai ƙarfi shi ne inda kuskuren ninki goma ke faruwa. Jerin muhimman magungunan yara na Hukumar Lafiya ta Duniya ya tanadi jentamaisin mai miligiram 10 a mililita, da bitamin K mai miligiram 1 a mililita, daidai jikin jariri. Haka nan tun 2022 hukumar ta ba da shawarar a yi amfani da kafin wajen taimaka wa numfashin bakwaini. Shi ana iya ba da shi ta baki sau ɗaya a rana, alhali aminofilin na zuwa a babbar kwalba mai mililita 10, irin wadda ta fi zubar da gilashi. Ruwan haɗa allura da ruwan gishiri kuwa tuni ana samunsu a kwalbar roba da ake murɗe kanta, ko da yake ba kowane magani ne ke jure zaman roba ba.

Duk waɗannan zaɓuɓɓuka ba a gefen gado ake yinsu ba. A takardar neman 'yan kwangila ake yinsu, a layin da ke bayyana irin kayan da ake so. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta karkata ga mafi ƙarancin farashi a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa, saboda haka abin da ba a rubuta a sharuɗɗan ba, ba ɗan kwangilar da zai kawo shi don Allah. Idan takarda ta ce allura da sirinji kawai, allura da sirinji za a sauke a sito. A ganina jami'in da ya ƙara layi guda na allura mai matata don sashen jarirai, ya kuma rubuta ƙarfin maganin da ya dace da su, ya yi wa bakwaini aikin da ya fi taron bita uku a otal.

A 2024 an ɗauki matakai biyu da suka shafi wannan fage. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta umarci manyan asibitocinta su riƙa sayen allura da sirinji daga masana'antun cikin gida da NAFDAC ta amince da su, sannan a watan Yuni Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umarnin da ya ɗauke haraji daga injuna da kayan da masana'antun magunguna da kayan asibiti ke shigowa da su. Manufar mai kyau ce. Abin lura ga masu aiwatarwa shi ne kada kishin kayan gida ya zama hujjar da ma'ajin sito zai ƙi sayen allura mai matata, kuma idan gwamnati ta ba masana'anta kasuwar asibitocinta, tana da bakin da za ta ce a ƙera mata irin wadda jarirai ke buƙata. Majalisar kula da aikin jinya da ungozoma, da takwararta ta masu haɗa magunguna, su ke da iko da abin da ake koyarwa da abin da ake tambaya a jarrabawa. Ɗalibar da aka taɓa kayarwa a gwajin aiki saboda yadda ta karya kwalba, ba za ta sake mantawa ba.

Wani zai ce ƙasar da binciken lafiya na 2018 ya nuna jarirai 39 cikin kowane 1,000 na mutuwa kafin su cika wata guda, alhali burin duniya shi ne a sauko zuwa 12 nan da 2030, tana da abin da ya fi wannan gaggawa: wutar lantarki ga kwalbar bakwaini, iskar numfashi, ma'aikatan da ke ficewa ƙasashen waje. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya jera gilashi a sahun gaba na masu kashe jarirai ya yi ƙari. Haihuwa kafin lokaci, shaƙewa wajen haihuwa da shigar ƙwayar cuta su ne manya. Sai dai hannun da ya goge wuyan kwalba, ya ƙi ajiye ragowa, ya canza allura, da gilashi da ƙwayar cuta yake yaƙi a lokaci guda. Kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai: kwalbar da ake karyawa a Idi-Araba ita ake karyawa a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, da Gwagwalada, da duk asibitin da katin inshorar ma'aikacin tarayya zai kai matarsa ranar haihuwa.

A wajen katangar asibiti

Ba duk allurar da ake yi wa jarirai a Idi-Araba ko Agege ake yi a asibiti ba. Kamar a Kano da Zariya, akwai kyamis a lungu, akwai mai allura da ake kira har gida, kuma akwai imanin da ya yi kaka-gida cewa allura ta fi maganin sha saurin aiki. A irin waɗannan wurare ba a zancen matata, wani lokaci ko sifirit babu. Lasisin mai shagon magani na unguwa bai ba shi izinin yin allura ba, balle ga ɗan kwana biyar. Jaririn da ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi, ko yake numfashi da sauri, ko ya yi jijjiga, ko idonsa ya yi rawaya tun ranar farko, asibiti yake buƙata a ranar, ko da ba a yi suna ba. Al'adar ɓoye mai jego da ɗanta har kwana bakwai ba ta shafi irin wannan hali ba, kuma limamai da masu unguwanni ne suka fi kowa bakin faɗin haka.

Haka nan kada wannan bayani ya sa wata uwa ta hana a yi wa ɗanta allurar bitamin K ko maganin da likita ya rubuta. Zubar jini a ƙwaƙwalwa da cutar jini na kisa cikin sa'o'i, haɗarinsu ya ninka na gilashi nesa ba kusa ba. Abin da iyaye ke da haƙƙin yi shi ne tambaya cikin ladabi: ko sabuwar kwalba ce aka buɗe, ko an canza allura bayan zuƙa, ko akwai mai ƙarfin yara a kantin asibiti kafin a fita sayen na manya. Idan aka miƙo takardar sayen kaya aka ga an rubuta allura mai matata, kada mai shago ya ce duk ɗaya ne ya ba da ta yau da kullum. A duba jikin ledarta, ana rubuta lamba 5 da alamar maikiron.